Hanyar Rize Ranar Hadari

Mun bar Ordu kafin rana ta wanke ido,
mu biyar, da tukunyar miyar kabeji a bayan mota
wadda Inna Nermin ta ɗaure wa baki da tsumma.
Baba Tuncay ya dubi sama, ya ce ba komai,
wannan hadarin mai wucewa ne.
Kaka Gulizar ba ta ce uffan ba.
Ta gyara ɗankwali, ta zaɓi tagar da ke kallon teku.

Teku a hagu, tsauni a dama,
hanya a tsakani kamar zare a bakin almakashi.
Ba mu kai Giresun ba ruwa ya kece,
babu yayyafi, babu sallama,
kamar da bakin ƙwarya.
Waifa na kaɗa kai a kan gilashi
irin na yaron da ke rantsuwa ba shi ya ci ba.

Ƙanena Kerem na ƙirga ramukan da hanya ke shiga cikin dutse.
A kowane rami duniya takan yi tsit,
mu ji numfashin juna, mu ji ƙamshin miya,
sai mu fito, rufin mota ya koma ganga.
Na bakwai, in ji Kerem.
Na gaya maka mu bari sai gobe, in ji Inna.
Baba ya ƙara muryar rediyo,
rediyon ma tari yake yi.

Bahar Aswad ya ci sunansa a ranar.
Yakan ja da baya kamar rago, ya tunkuyi duwatsun gaɓa,
ya tofa mana farin kumfa har tsakiyar kwalta.
Jiragen masunta a ɗaure, suna ta fizgar igiya.
Wani tsuntsu yana ta fiffika a wuri ɗaya,
iska ta hana shi gaba, zuciya ta hana shi baya.

Bayan Trabzon, ɗan sanda cikin rigar ruwa mai ruwan ɗorawa
ya ɗaga hannu: tsauni ya zubo, ya danne hanya.
Sauran tafiyar ba ta kai awa guda ba
zuwa gidan da aka yanke cibiyar Kaka,
can saman gonakin shayi.
Baba ya kifa goshi a kan sitiyari.

Muka fake a rumfar wani mai shayi, Cevdet,
ya kawo burodin masara da ƙananan kifi soyayyu,
da shayi ja a kofuna masu siririn ƙugu.
Sai da na miƙa wa Kaka nata
na ga kujerarta wayam.

Tana can ƙetaren titi, a jikin katangar gaɓa,
ƙanƙanuwa, iska na wasa da siket ɗinta.
Na ruga na kama hannunta, sanyi ƙalau.
Ta ce, bari.
A rana irin wannan yayana Yakup ya fita da taru,
ina 'yar shekara tara, ina riƙe da hularsa.
Ba bangon gida na zo gani ba, 'yar nan,
bango ai na wanda ya saye shi ne.
Wannan muryar na zo ji.

Muka tsaya tare, ruwan sama da na teku na rabon fuskokinmu,
ban san wanne ne nake lasa ba.

Da la'asar muka juyo, teku ya koma dama.
Miya ta zube rabi, ba wanda ya yi faɗa.
Inna ta ɗora hannu a kafaɗar Baba, ta bar shi a nan.
Kerem ya yi barci a rami na uku.
Kaka ce ta ci gaba da ƙirgar, a hankali,
gishiri na bushewa fari a gefen ɗankwalinta.